Yadda Aka Gane Asirin Numfashi a Paris da Liyon

Mutum ya kan yi kwana da kwanaki bai ci abinci ba, ya kan wuni ya kwana bai sha ruwa ba, amma in aka toshe masa hanci da baki na 'yan mintoci kaɗan, shi ke nan. Baligi mai lafiya ya kan ja numfashi wajen sau 15 a minti guda, watau fiye da sau 20,000 daga safiyar yau zuwa ta gobe, ko yana barci ko yana farke. Duk da haka, kafin shekarar 1770 babu malami ko likita a duniya wanda zai iya gaya maka abin da jiki ke ɗauka daga cikin iskar nan. Likitocin dā, na Yunanawa da na Larabawa, sun ɗauka aikin numfashi shi ne ya yi wa zuciya fifita don kada zafinta ya yi yawa. Game da itatuwa kuwa, ba a ma san suna da wata hulɗa da iska ba, in ban da kaɗawa.

Amsar da mu ke da ita yau ita ce, numfashi wuta ce mai ci a hankali ba tare da harshe ba, kuma mutum da doki da gero duk suna hura ta. An yi shekara 100 ana haɗa amsar nan guntu-guntu, daga 1777 zuwa 1878. Mutanen ƙasashe da yawa sun sa hannu, amma babban rabon aikin a birane biyu na Faransa aka yi shi, watau Paris, babban birnin ƙasar, da Liyon, birnin masaƙan siliki, wanda ke kudu maso gabas da Paris, a inda kogin Rhône da kogin Saône suka haɗu.

An ga ƙofa, ba a san abin da ke wucewa ba

Tun a 1661 wani likita ɗan Italiya, Malpighi, ya duba huhun kwaɗo da madubi mai ƙara girman abu. Ya ga ashe huhu tarin 'yan jakunkuna ne ƙanana kamar saƙar zuma, ko wace jaka kuwa jijiyoyin jini masu tsananin siranta sun kewaye ta kamar raga. Bayan 'yan shekaru ya duba ganye, ya ga 'yan ƙofofi a jikinsa su ma. Ya ga ƙofofin duka biyu da idonsa, amma ba shi da hanyar sanin abin da ke shiga da abin da ke fita, domin a zamaninsa ana tsammanin iska abu guda ce.

Wajen shekara 100 bayan haka aka fara gane iska iri-iri ce. Joseph Black na ƙasar Sikotlan ya nuna akwai wata iska mai nauyi da ke fita daga alli, da gawayi mai ci, da bakin mutum, tana kashe kyandir. Ita ce a ke kira kabon dayoksaid yanzu. A 1771 wani limamin coci a Ingila, Joseph Priestley, ya kife tulun gilashi bisa kyandir har ya mutu, sa'an nan ya sa reshen na'ana'a a ciki. Bayan 'yan kwanaki sai ga kyandir ya sāke kamawa a cikin iskar nan da ta ɓaci. A 1774 kuma ya gasa wani jan gari na zaiba, ya sami wata iska wadda kyandir ke ci a cikinta da haske mai kashe ido. Cikin watan Oktoba na shekarar ya zo Paris, aka kira shi cin abinci a gidan wani attajiri mai son ilmi, ya ba da labarin abin da ya gani. Mai gidan nan shi ne Antoine Lavoisier, a bakin Faransawa Labuwaziye.

Mai karɓar haraji da ma'auninsa

An haifi Lavoisier a Paris a 1743. Ya karanta shari'a, amma zuciyarsa na wajen ilmin sinadari. A 1768 ya sayi hannun jari a ƙungiyar masu karɓar haraji. Yadda a ke yi a Faransa a lokacin, attajirai ke biyan Sarki kuɗi a dunƙule, sa'an nan su bi talakawa su karɓi harajin gishiri da taba da kuɗin fito, abin da ya hau nasu ne. Da ribar nan ya sayi ma'aunai waɗanda ba su da na biyu a Turai. A 1775 aka ba shi riƙon ma'aikatar albarushi ta Sarki, ya gina ɗakin gwaji a gidan makamai na Paris. Matarsa, Marie-Anne Paulze, ita ke rubuta sakamakon gwaji, ita ke zana kayan aiki, ita ke juya masa littattafan Ingilishi zuwa Faransanci.

Halin mai lissafin kuɗi ya kawo cikin ilmi: abin da ya shiga da abin da ya fita dole su yi daidai, in ba su yi ba, to, akwai abin da ya ɓuya. Masanan zamaninsa suna cewa in abu na cin wuta, wani abu ne ke fita daga cikinsa. Shi kuwa ya auna, ya ga ƙarfe da zaiba nauyi su ke ƙarawa in an gasa su cikin iska, iskar kuwa tana raguwa. Ya gasa zaiba kwana 12 cikin rufaffen gilashi, ya ga jan gari ya taru a kanta, iska ta ragu, sauran da ya rage kuma ba ya riƙe wuta, ba ya riƙe rai. Da ya gasa jan garin da wuta mai ƙarfi, sai iskar da ta ɓace ta komo. Ita ce ya raɗa wa suna oksijin. Yau mun san kashi 21 cikin 100 na iskar duniya ita ce.

A 1777 ya karanta wa Majalisar Masana ta Paris takarda a kan numfashin dabbobi. Ya sa ɗan tsuntsu cikin tulun gilashi a kife, tsuntsu ya yi ta haki, kafin awa ta cika ya mutu. Da ya bincika iskar da ta rage, ya tarar oksijin ta ragu, iskar nan ta Black ta ƙaru, sauran iskar kuwa ta shiga ta fita ba abin da ya taɓa ta. Abin da tsuntsu ya yi wa iska, shi ne daidai abin da gawayi mai ci ke yi mata.

Ɓeran Masar cikin ƙanƙara

To, kama da wane ba ta wane. Don a tabbata numfashi da ƙuna abu guda ne, sai an auna zafin da ko wanne ke bayarwa. Cikin sanyin 1782 zuwa 1783, Lavoisier da wani gwanin lissafi, Laplace, suka ƙera wata tukunya mai ciki uku. Suka cika na waje da na tsakiya da ƙanƙara, na can ciki kuwa suka sa ɓeran Masar. Ƙanƙarar waje tana tsare zafin ɗaki, saboda haka duk abin da ya narke a ta tsakiya, zafin jikin dabbar ne ya narkar da shi. Cikin awa 10 ɓeran ya narkar da wajen oza 13. Suka auna kabon dayoksaid da irin ɓeran nan ke fitarwa cikin awa 10, sa'an nan suka ƙona gawayin da zai ba da daidai wannan, suka ga ƙanƙarar da ya narkar ta yi kusa da ta ɓeran ƙwarai. Daga nan suka yanke cewa dabba tana ƙona abincinta ne a hankali, zafin jikinta kuwa daga wutar nan ya ke.

Saura mutum. Wajen 1790 wani saurayi mai taimakonsa, Armand Seguin, ya ba da kansa. Aka rufe masa fuska da wani abin rufi mai bututu, aka liƙe gefensa don kada iska ta zurare, uwargida tana gefe tana rubutu. Zanen da ta yi na gwajin nan yana nan har yanzu. Suka ga in ɗaki ya yi sanyi oksijin da Seguin ke sha ta kan ƙaru kaɗan, in ya ci abinci ta ƙaru da wajen rabi, in kuwa yana taka wani abu da ƙafa yana ɗaga nauyi, sai ta kusa ninkawa uku.

Lavoisier ya ga abin da lissafin nan ke nufi ga jama'a. Ya rubuta cewa abin takaici ne a ce lebura mai aikin ƙarfi, wanda jikinsa ya fi na kowa ƙona abinci, shi ne wanda ya fi kowa rashinsa, mai zaman hutu kuwa shi ke da yalwa. Tun a 1785 ma ya riga ya auna iskar ɗakunan asibiti da ta gidajen wasa inda mutane ke cunkushewa, ya nuna yadda ta ke ɓaci, ya nemi a gyara gini don iska ta riƙa ratsawa.

Amma talakawan Paris ba ta nan suka san shi ba. Sun san shi da haraji, da ganuwar da ƙungiyarsa ta kewaye birni da ita don kada kaya su shiga ba a biya fito ba, har ana cewa ganuwar ta hana birni shan iska. Da babban juyin mulki na 1789 ya yi tsanani, aka kama masu karɓar harajin. Ran 8 ga Mayu, 1794, aka yi musu shari'a da safe, da la'asar aka sare kawunan mutum 28, cikinsu har da Lavoisier da surukinsa. Yana da shekara 50, aikin numfashi kuwa bai ƙare ba.

Ina murhun ya ke?

Ya bar tambaya biyu. Ta farko, a wane wuri cikin jiki wutar ke ci? Shi ya fi karkata ga huhu. Wani masanin lissafi na Paris, Lagrange, ya ce in haka ne, ai da huhu ya fi sauran jiki zafi nesa ba kusa ba, ga shi kuwa bai fi ba. A 1837 Magnus na Berlin ya zuƙo iska daga cikin jini, ya nuna jinin da ke barin huhu ya fi oksijin, wanda ke komowa daga jiki ya fi kabon dayoksaid. Wannan ya nuna jini ɗan dako ne, yana kai kaya wani wuri.

Tambaya ta biyu ta itatuwa ce. A 1779 Ingenhousz, wani likita ɗan Holan, ya gano ganye ba ya gyara iska sai cikin hasken rana, da dare kuwa ɓata ta ya ke yi kamar dabba. Senebier da Saussure, mutanen Janiba, suka nuna kabon dayoksaid da ruwa su ne abin da tsiro ke gina jikinsa da su. Daga nan mutane suka riƙa cewa tsiro yana da numfashi biyu, na rana da na dare, na ranar kuwa kishiyar na dabba ne. A 1841 Dumas da Boussingault suka tsara maganar a Paris kamar awo a kasuwa: tsiro na ginawa, dabba na rushewa, tsiro na ba da oksijin, dabba na sha. Maganar tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne.

Boussingault ɗin nan ya yi shekaru a Amurka ta Kudu, ya koyar da ilmin sinadari a Liyon cikin shekarun 1830, sa'an nan ya koma Paris. Manomi ne kuma, yana da gona inda ya ke auna taki da amfani. A 1864 ya nuna cewa in ganye na cikin rana, mudun kabon dayoksaid da ya sha da mudun oksijin da ya bayar kusan ɗaya ne. Amma akwai abubuwan da tsarin nan bai bayyana ba. Tun wajen 1778 Lamarck ya lura furen wani tsiro dangin gwaza ya kan yi ɗumi har hannu ya ji. Dutrochet kuma a 1837 ya nuna 'yan ƙofofin ganye suna buɗewa ne cikin wasu hanyoyin iska da ke ratsa cikin tsiro, ya ce numfashin tsiro da na dabba asalinsu ɗaya. Ba a saurare shi sosai ba.

Yaron mai magani da likitan dawaki

A nan Liyon ta shigo labarin da mutum biyu. Na farko Claude Bernard, ɗan manomin inabi, an haife shi a 1813 a ƙauyen Saint-Julien, arewa da Liyon. Yana saurayi aka kai shi koyon aiki a kantin wani mai haɗa magani a unguwar Vaise, yana shara, yana wanke kwalabe, yana kai magani makarantar likitan dabbobi da ke kusa. Da dare ya kan rubuta wasan kwaikwayo. A 1834 ya ɗauki wasan da ya rubuta ya tafi Paris, wani malamin adabi ya karanta, ya ba shi shawara ya nemi sana'ar da za ta ci da shi. Ya shiga makarantar likita, ya zama almajirin Magendie.

A 1844 Bernard ya zura dogon ma'aunin zafi ta jijiyar wuyan doki har cikin zuciya. Zuciya tana da ɓangaren dama, mai karɓar jinin da ya komo daga jiki ya tura shi huhu, da ɓangaren hagu, mai karɓar wanda ya fito daga huhu. In murhu a huhu ya ke, jinin hagu zai fi zafi. Sai ya tarar na dama ne ya ɗan fi. Watau jini a cikin jiki ya ke ɗaukar zafi, a huhu ma ɗan hucewa ya ke yi.

Na biyu Auguste Chauveau. Makarantar likitan dabbobi ta Liyon, wadda Claude Bourgelat ya kafa a 1761, ita ce ta farko irinta a duniya. Chauveau ya zo cikinta a 1848, ya zama shugabanta a 1875, ya koma Paris a 1886. Doki ne littafinsa, domin jijiyoyinsa manya ne, kuma ya kan tsaya a yi aiki a jikinsa yana farke. Shi da Marey na Paris, daga 1861, suka riƙa zura bututu cikin zuciyar doki suna rubuta bugunta a takarda. A 1886 da 1887 shi da Kaufmann suka buga wani gwaji mai ban sha'awa. Suka zaɓi tsokar da doki ke motsawa in yana tauna, suka ɗebi jinin da ke shiga cikinta da wanda ke fita, da farko doki na tsaye kurum, sa'an nan aka ba shi hatsi. Da ya fara tauna, jinin da ke ratsa tsokar ya ninka, oksijin da sukarin da ta ke ɗauka suka ƙaru, kabon dayoksaid da ta ke zubarwa ya ƙaru. Gani ya kori ji. Murhu yana cikin tsoka da sauran naman jiki, itacensa abinci ne, huhu kuwa ƙofa ce da zugazugi.

Aka sa wa tsiro maganin barci

A ƙarshen rayuwarsa Bernard ya juya ga itatuwa. Yana koyarwa a gidan nazarin halitta na Paris, ya ƙi yarda da cewa rai iri biyu ne, na dabba dabam, na tsiro dabam. Ya ɗauki maganin da likitoci ke shaƙa wa mutum ya yi barci kafin a yi masa aiki, ya gwada shi a kan tsiron nan mai naɗe ganyensa in an taɓa shi. Tsiro ya daina naɗewa, da maganin ya sake shi ya komo kamar dā. Sa'an nan ya sa ciyawar ruwa cikin gilashi a rana, tana fitar da kumfar oksijin, ya sa mata maganin. Kumfa ta tsaya. Amma ciyawa ba ta mutu ba, ta ci gaba da shan oksijin tana fitar da kabon dayoksaid, ga rana tsaka.

Da haka aka rabe abu biyu da aka daɗe ana cuɗawa. Aikin da koren ganye ke yi da hasken rana girki ne, watau haɗa abinci, kuma sai da rana. Numfashi kuwa ƙona abincin ne, tsiro na yin sa dare da rana, da saiwa da fure da iri, kamar yadda mu ke yi. Da rana girkin ya fi ƙunar yawa ƙwarai, shi ya sa ya ke rufe ta. Littafin da Bernard ya tara darussan nan, a kan al'amuran rai da dabba da tsiro suka yi tarayya a kai, ya fito a 1878, shekarar da ya rasu. Gwamnati ta yi masa jana'izar girma, babbar jami'ar kimiyya da likitanci ta Liyon kuma sunansa ta ke ɗauke da shi yau.

Manomi ya san alamun wannan ko bai karanta ba. Gero in ruwa ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki ya kan yi rawaya ya mutu, domin saiwarsa ta rasa iska, shinkafa kuwa tana da hanyoyin iska daga ganye har saiwa, shi ya sa ta ke jin daɗin fadama. Hatsi in an zuba shi rumbu da danshi ya kan yi zafi, domin ƙwayar da funfunar da ke kanta duk numfashi su ke yi.

A shekarar nan ta 1878 almajirin Bernard, Paul Bert, ya fitar da babban littafinsa a kan nauyin iska. Ya nuna abin da ke tura oksijin cikin jini shi ne ƙarfin dannawarta, in an hau sama kuwa dannawar ta kan ragu. An riga an biya kuɗin sanin nan da rai. Ran 15 ga Afrilu, 1875, mutum uku suka tashi daga Paris cikin balambalan mai suna Zénith, suka wuce mita 8,000, watau ƙafa 26,000. Suna da jakunkunan oksijin, amma jikinsu ya mutu kafin su kai bututu baki. Sivel da Crocé-Spinelli suka rasu, Tissandier kaɗai ya sauko da rai.

Huhu da ganye, yadda aka san su yau

A 1895 Blackman na Kambirij ya tabbatar cewa ta 'yan ƙofofin nan ne iska ke shiga ganye. A 1910 August Krogh da matarsa Marie, a Danmak, suka nuna huhu ba ya tura oksijin da wani ƙarfi nasa, ita ke ratsawa da kanta daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi kaɗan, kamar yadda ƙanshin turare ke cika ɗaki. A 1941 aka gano a Amurka cewa oksijin da ganye ke bayarwa daga ruwa ta ke fitowa.

Irin ratsawar nan tana bukatar fili mai faɗi, da bango marar kauri, da danshi. Huhun baligi yana da 'yan jakunkuna miliyan 300 zuwa 500. Da za a shimfiɗa su, da sun rufe daɓen ɗaki 5 ko fiye, ko wane mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi. Tantanin da ke tsakanin iska da jini ya fi gashin kai siranta fiye da sau 100. Iskar da mu ke ja tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda mu ke fitarwa wajen 16, kabon dayoksaid kuwa daga ɗan abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin 1,000 ba ya kan hau zuwa kashi 4 cikin 100.

Ganye ma haka ya ke. Shi ya sa ya ke da faɗi ba kauri, cikinsa kuma sako-sako ne mai danshi. A wurin da bai fi ƙwayar gero ba a kan sami ƙofofi ɗaruruwa, ko wace da 'yan gadi biyu masu buɗe ta da rufe ta. Sai dai tsiro ba shi da zugazugi, kuma duk sa'ad da ya buɗe ƙofa don ya sami kabon dayoksaid, ruwansa na fita. In ƙasa ta bushe sai ya rufe, in ya rufe girki ya tsaya. Cikin shekarun 1960 aka gane cewa rake da masara da dawa da gero suna da wata dabara ta tara kabon dayoksaid a cikin ganye, har su iya girki da ƙofa a tsuke. Wannan na cikin dalilan da suka sa dawa da gero ke jure zafin ƙasar Hausa.

Kaskon wuta da rufaffen ɗaki

Akwai wani binciken Bernard wanda ya shafi ko wane gida. Gawayi in yana ci inda iska ba ta isa ba, ya kan fitar da wata iska dabam, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Bernard ya lura jinin dabbar da ta shaƙe ta ja wur ya ke ko ina, har wanda ya kamata ya yi duhu. A darussansa da aka buga a 1857 ya bayyana dalili: gubar tana kama jajayen ƙwayoyin jini a gurbin oksijin, ta ƙi saki. Daga baya aka auna, aka ga riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Huhu na aiki, zuciya na bugawa, amma ɗan dako ya ɗauki kayan wani, jiki na can yana jira. Mutum ya kan ji ciwon kai da jiri da kasala, in barci ya ke yi ba ya farkawa. Haka ta kashe shahararren marubucin nan Émile Zola a ɗakin kwanansa a Paris a 1902, saboda bututun hayaƙi ya toshe.

Mutane da yawa suna tsoron kwana kusa da itace ko ajiye tsiro a ɗaki, wai yana shanye iska da dare. Gaskiya ne yana numfashi, amma abin da tsiron tukunya ke sha bai kai ko kusa da na mutum guda da ke kwance a ɗakin ba. Abin tsoro shi ne kaskon gawayi da a ke shiga da shi ɗaki lokacin hunturu a rufe ƙofa da taga, da injin janareta da a ke tayarwa a zaure ko a lungun gida don gudun ɓarayi. Ko wace shekara a kan ji labarin iyalin da suka kwanta lafiya aka wayi gari babu su ta wannan hanya. Maganin abin kuwa ba shi da tsada: a fitar da kasko kafin a kwanta, a ajiye inji a fili nesa da taga, a bar wa ɗaki mashigar iska. In an tarar da wanda ta buge, a fara fitar da shi waje ya sami iska, sa'an nan a gaggauta kai shi asibiti, inda za a ba shi oksijin tsantsa don ta kori gubar daga jininsa.